Makarantar Horon Malamai Ta Maru: Tarihinta Da Abin Da Ta Bar Mana

A wannan fitowa ina so mu waiwayi tarihin wata makaranta da ke can gida Arewa, wato makarantar horon malamai ta garin Maru, wadda dattawa suka fi sani da T.C. Maru. Dalilin da ya sa na zaɓe ta shi ne, ga ta dai a ƙaramin gari, amma mutum biyu daga cikin waɗanda suka fi girgiza Arewa a ƙarnin da ya wuce, ɗaya a fagen siyasa ɗaya a fagen addini, a cikinta suka haɗu suna koyarwa tun suna samari. Sannan kuma tarihinta yana nuna mana yadda aka gina aikin malanta a ƙasarmu, da yadda aka wayi gari ya sukurkuce. Wannan kuwa magana ce da ta shafi duk wanda yake da ɗa a makaranta, ko a gida yake ko a nan Kudu.

INA NE MARU?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato ya ratsa ta Maru, ko da bai lura ba. In ka bar Gusau sai Bunguɗu, daga nan sai Maru, kafin ka isa Mayanci da Talatar Mafara. Direbobin da ke kawo mana shanu da albasa daga wannan yanki sun san wurin sarai. Gari ne na manoma, kuma sarautar garin ita ce Banaga. A zamanin Turawa gunduma ce a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, a cikin Lardin Sakkwato. Da aka yi jihohi 12 a 1967 sai ta faɗa cikin Jihar Arewa Maso Yamma, a 1976 ta koma Jihar Sakkwato, sannan a ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Jihar Zamfara, Maru ta zama ɗaya daga cikin ƙananan hukumominta. Ƙasar ƙaramar hukumar tana da faɗi ƙwarai, ta miƙe kudu har Ɗansadau.

A shekarun 1940 wuri ne da ma'aikacin gwamnati yake ɗauka a matsayin bayan gari. Jirgin ƙasa yana zuwa Gusau ya wuce Ƙaura Namoda tun 1929, amma bai biyo ta Maru ba. Babu ofishin Razdan, babu kantunan Turawa irin na Gusau, babu wani taron 'yan boko da za a zauna a yi hira da su. To, a irin wannan wuri aka kafa makarantar da za ta riƙa fitar da malaman elementare na lardi.

YADDA HORON MALAMAI YA FARO A AREWA

Kafin mu shiga cikin makarantar, ya kamata mu san abin da ya haifar da ita. A nan Kudu 'yan mishan ne suka kawo boko, kuma su suka fara horon malamai: akwai makarantar Hope Waddell a Kalaba tun 1895, da ta St. Andrew a Oyo tun 1896, da ta Wesley a Badun tun 1905. A Arewa kuwa Turawan mulki sun taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi, saboda haka nauyin boko ya faɗa a kan gwamnati da En'e. Baturen nan Hans Vischer, wanda aka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, shi ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, kuma daga cikin ajin farko har da na malaman allo da aka ɗauko domin a koya musu boko su je su koyar.

A 1921 aka fara Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a watan Maris 1922. Aikinta na asali shi ne horon malamai. A nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kuma dukkansu da alli suka fara cin abinci, ɗaya a Midil ta Sakkwato ɗaya a Midil ta Bauci. Sai dai kwalejin 'yan kaɗan take ɗauka a shekara, kuma makarantun midil suke tafiya. Su kuwa makarantun elementare na ƙauyuka, inda ake shekara huɗu ana karatu da Hausa, su ma suna bukatar nasu malaman. Wannan ya sa wajen 1930, bayan an haɗe ma'aikatar ilimi ta Kudu da ta Arewa a ƙarƙashin Bature Hussey, aka buɗe wuraren horon malaman elementare a garuruwa irin su Katsina da Bauci da Toro. A 1939 aka buɗe na mata a Sakkwato.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai gwamnatin Ingila ta ware kuɗin raya ƙasashen da take mulka, aka fito da shirin shekara goma a 1946, da sabuwar dokar ilimi a 1948. Aka ƙara yawan makarantun elementare, bukatar malamai ta ƙaru, aka shiga buɗe wuraren horo a larduna. A cikin wannan yanayi ne makarantar Maru ta shigo tarihi.

Me ya sa ake kai irin waɗannan makarantu ƙananan garuruwa? Akwai fili na gini da na gona, abinci yana da araha, sannan tunanin Turawa shi ne wanda zai koyar a ƙauye a horar da shi a ƙauye, kada ya saba da birni ya ƙi komawa. Ban da haka, nesa da birni nesa ce da jarida da tarurruka da 'yan siyasa. Wannan lissafi na ƙarshe shi ne bai fita ba, kamar yadda za mu gani.

YADDA AKE HORON

Makarantar kwana ce. Gwamnati ko En'e ke ciyar da ɗalibi, ta ba shi tufafi da littattafai da ɗan kuɗin kashewa, shi kuma da sharaɗin in ya gama zai je ya koyar duk inda aka tura shi. A farko takardar da ake bayarwa ita ce shaidar malanta mai daraja ta uku. Mutum zai je ya yi 'yan shekaru yana koyarwa, in an ga ƙwazonsa sai a sake tura shi kwas na shekara biyu ya samo mai daraja ta biyu, wadda kowa ya sani da Gired Tu. Daga baya aka soke mai daraja ta uku, aka mai da karatun shekara biyar a jere ga yaron da ya gama firamare.

Abin da ya bambanta wannan horo da karatun sakandare shi ne, ban da Turanci da lissafi da Hausa da addini da tarihi da labarin ƙasa, ana koya wa ɗalibi ita kanta koyarwar a matsayin sana'a. Yadda zai tsaya gaban aji, yadda zai yi rubutu a allo layi ya miƙe, yadda zai tsara darasi a rubuce kafin ya shiga, yadda zai cika rajista, yadda zai haɗa kayan koyarwa da kara da yumɓu da 'ya'yan tsamiya in babu na kanti. Akwai aikin gona, da aikin hannu, da motsa jiki, da tsabta. Sannan a kai shi makarantar elementare ya koyar da yara na gaske, malaminsa yana zaune a bayan aji da biro yana rubuta kurakuransa. Wanda ya faɗi wannan gwaji, ko ya ci sauran darussa, takardarsa ba ta cika ba.

Mu 'yan kasuwa mun san wannan tsari, domin haka muke yi wa yaran shago. Ba ka damƙa wa yaro jari ranar da ya zo. Sai ya shekara yana kallon yadda ake ciniki, sannan ka bar masa shago na wuni ɗaya kana leƙe daga nesa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malamin da ya fito daga irin wannan makaranta, in aka kai shi ƙauye, sau da yawa daga shi sai malamin haraji da malamin asibiti suka iya boko a duk garin. Shi ke rubuta wa mutane wasiƙa, shi ke karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, shi ke duba musu takardar haraji. Da aka zo Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, irinsu aka dogara da su. Ka ga ke nan duk abin da aka zuba a kan ɗalibi ɗaya a Maru, gari guda aka zuba wa.

MALAM AMINU A MARU

An haifi Malam Aminu Kano a 1920. Ya yi Kwalejin Kaduna, wato Kwalejin Katsina ce bayan an ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, ya fara koyarwa a Midil ta Bauci a 1942. A can ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, suka shiga shirya tarurrukan tattaunawa inda ake sukar yadda En'e ke tafiyar da mulki. A 1946 aka tura shi ƙaro ilimin koyarwa a Jami'ar Landan. Da ya dawo sai ya tsaya kai da fata wajen kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, ya zama babban sakatarenta. Wannan ƙungiya tana cikin na farko-farko da suka haɗa 'yan bokon Arewa daga larduna daban-daban a inuwa ɗaya.

Hukuma ta ga wannan saurayi ya yi mata yawa a Bauci. Aka ɗauke shi aka kai shi Maru a matsayin shugaban makarantar horon malamai, shekarar 1949 a can ta same shi. A takarda ƙarin girma ne, amma kowa ya gane manufar: a nisanta shi daga abokan shawararsa, a kai shi ƙasar Sarkin Musulmi inda ba a ɗaga murya.

To amma wanda kake tsoron bakinsa, ka ɗauke shi ka ba shi samarin da gobe za a rarraba su ƙauyukan lardi su koyar, ai ka ba kura ajiyar nama. Malam Aminu bai daina aikin ƙungiyar malamai ba, wasiƙu suna zuwa suna tafiya. Zamansa da hukumar En'e ta Sakkwato bai yi daɗi ba. A wannan lokaci ne kuma ya ɗauko wani aiki da ya shafe mu kai tsaye, mu da muka yi Islamiyya: ya kafa ƙungiyar gyara makarantun allo. Ra'ayinsa shi ne a tsara karatun addini aji-aji, yaro ya san ma'anar abin da yake karantawa, a haɗa masa da Larabci da lissafi da rubutu, a zaunar da shi wuri mai tsabta. Aikin bai yi nisa ba a lokacin saboda bai sami goyon bayan masu iko ba, amma bayan ya koma Kano shi da mutanensa sun ci gaba da buɗe makarantun Islamiyya a shekarun 1950. Tsarin benci da allon bango da jarrabawa da muka taso muka tarar a Islamiyya, wani reshe na saiwarsa yana komawa ga wannan tunani.

A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. A wannan wata ne kuma Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa a Majalisar Arewa yana neman a gyara mulkin En'e. Ma'aikacin gwamnati ba shi da damar shiga siyasa a fili, saboda haka a watan Nuwamba 1950 Malam Aminu ya ajiye aiki, ya bar Maru ya koma Kano. Maru ce wurin aikinsa na ƙarshe a matsayin malamin gwamnati. Sauran labarin kowa ya sani: shugabancin NEPU, Majalisar Wakilai a 1959, kwamishinan tarayya a zamanin Gowon, PRP da takarar shugaban ƙasa a 1979, har Allah Ya karɓi ransa a ranar 17 ga Afrilu 1983. Abin lura, wanda ya ci wancan zaɓe na 1979, Alhaji Shehu Shagari, shi ma tsohon malamin makaranta ne na Lardin Sakkwato.

RIGIMAR TAIMAMA

A wannan shekara ta 1949 aka kawo wa makarantar wani matashin malamin Larabci da addini, Malam Abubakar Mahmud Gumi. Shi ɗan ƙasa ne, mutumin Gummi, mahaifinsa alƙali. Ya yi Midil ta Sakkwato, ya gama Makarantar Shari'a ta Kano a 1947. Shi da Malam Aminu dukkansu ba su cika shekara talatin ba a lokacin.

Na san a cikinmu akwai masu bin ra'ayin Malam Abubakar Gumi, akwai kuma waɗanda suka saɓa da shi a abubuwa da yawa, kuma wannan shafi ba wurin raba wannan gardama ba ne. Abin da ya faru a Maru dai tarihi ne, shi da kansa ya ba da labarinsa a littafin rayuwarsa da aka buga a 1992. Ya tarar limamin garin ya saba yin taimama ya ja salla alhali ga ruwa. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san taimama tana da sharuɗɗa, ko rashin ruwa ko rashin ikon amfani da shi. Malam Abubakar ya yi magana ba a gyara ba, sai ya ce wa ɗalibansa kada su bi liman salla har sai ya koma alwala.

A wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne. Liman na hukuma ne, taɓa shi taɓa sarauta ne, ga shi kuma mai maganar yaro ne ɗan makarantar boko. Magana ta kai gaban Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Aka naɗa masu bincike, aka saurari hujjoji, aka ba Malam Abubakar gaskiya. A nan akwai abin yabo ta fuska biyu: saurayin da ya tsaya a kan abin da ya karanta, da kuma fadar da ta bar littafi ya yi hukunci maimakon girman kujera. Daga baya Malam Abubakar ya koma koyarwa a Kano, ya ƙaro karatu a Sudan, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, aka ba shi lambar Sarki Faisal a 1987, ya rasu a watan Satumba 1992.

Ku duba fa, 'yan'uwa. Wurin da aka zaɓa domin a ɓoye mutum, shi ya zama wurin da ɗalibai suka ga da idonsu ana iya tambayar mai iko hujja, a siyasa da a addini. Waɗannan mutum biyu daga baya hanyarsu ta rabu, Malam Abubakar ya zama na hannun daman Sardauna, Malam Aminu ya zama babban abokin hamayyarsa. Amma ɗaliban da suka zauna gabansu sun fita da abin da suka gani.

DAGA 'YANCIN KAI ZUWA U.P.E.

Da aka doshi 'yancin kai sai aka shiga maye gurbin Turawa da 'yan Kudu da 'yan Arewa a ofisoshi. A ina za a samo masu ilimin? Sai aji. Malamai da yawa suka ajiye alli suka koma En'e, da majalisa, da aikin gwamna, da soja da ɗan sanda. Makarantun horon malamai suka zama kamar rijiyar da kowa ke ɗiba. Yaron talaka da bai sami sakandare ba, T.C. ce tsaninsa, kuma da yawa daga nan suka hau har jami'a.

Rahoton hukumar Ashby na 1960 ya kawo manyan makarantun horon malamai masu ba da takardar N.C.E., aka buɗe ta Zariya a 1962, ta Kano a 1964, ta Sakkwato a 1970. A lokacin malaman sakandare suke fitarwa, firamare kuwa tana hannun 'yan Gired Tu.

Sai ga kuɗin man fetur. A 1974 Janar Gowon ya yi shelar za a fara ilimin firamare kyauta ga kowa, wato U.P.E., kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shi a watan Satumba 1976. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai sama da miliyan 3 suka zo. Mu da muka tashi a wannan lokaci mun ga azuzuwa a gindin bishiya. Gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin makarantun horon malamai, aka faɗaɗa tsofaffi irin su Maru, aka buɗe sababbi barkatai. Aka yi kwas na gaggawa: shekara biyar ga wanda ya gama firamare, shekara biyu ga wanda ya gama sakandare bai ci jarrabawa ba, shekara ɗaya ga wanda ya ci. Makarantun Arewa suka cika da malaman haya daga Indiya da Pakistan da Filifin da Gana. A 1976 kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, N.T.I., a Kaduna, domin waɗanda ke bakin aiki su ƙaro ilimi ba tare da sun bar aji ba.

An samu yawa, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantar da aka gina don 'yan ɗaruruwa ta koma ɗaukar ninkin-ba-ninki. Malami ɗaya ba zai iya zama bayan aji ya duba kowane ɗalibi ba kamar da. Aka riƙa ɗaukar yaran da ko karatun kirki ba su iya ba, da yawa suka gama ba su ci jarrabawa ba, aka ba su aji a haka saboda babu wasu. Gaskiyar magana, darajar Gired Tu ta fara zubewa tun kafin a soke ta.

YADDA AKA RUFE BABIN GIRED TU

Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta ce nan gaba N.C.E. ce za ta zama mafi ƙarancin takardar shiga aikin koyarwa. Farkon shekarun 1980 kuɗin mai ya faɗi, malaman firamare suka riƙa yin watanni babu albashi, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙarasa abin da ya rage. Aka daina ciyarwa yadda aka saba, aka yanke kuɗin kashewa. Malami da a da ake ba shi 'ya da alfahari ya koma wanda mai gidan haya ke gudu. A 1989 aka kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi, a 1993 aka yi dokar hukumar rajistar malamai, aka sa 1998 a matsayin shekarar da N.C.E. za ta zama ƙa'ida. Jihohi suka shiga rufe makarantun T.C. ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu aka mai da su sakandare.

Wasu garuruwan sun yi sa'a an ba su abin da ya fi. Wudil, wadda ita ma ta yi suna da makarantar horon malamai, ta sami jami'ar jiha a 2001. Maru kuwa, bayan an ƙirƙiro Zamfara, ita aka zaɓa ta zama mazaunin Kwalejin Ilimi ta Jiha mai ba da N.C.E. Wato aikin da garin ya saba da shi bai bar shi ba.

Shin an ci riba ko an faɗi? A ilimin littafi, mai N.C.E. ya fi mai Gired Tu nisa, wannan babu musu, kuma zamani ya wuce a ce wanda ya gama firamare da shekara biyar shi ne ƙarshen malami. Amma akwai abin da aka zubar a hanya. Ɗan T.C. an raine shi shekara biyar yana kwana yana tashi da sanin cewa shi malami ne, kuma an koya masa duk darussan firamare. Ɗan kwalejin ilimi shekara uku yake yi, galibi a kan darussa biyu, kuma da yawa sun je ne don ba su sami jami'a ba. Ko hukumar JAMB a 2024 maki 140 ta sa mafi ƙaranci na shiga jami'a, na kwalejin ilimi kuwa 100. Ma'ana wanda zai koyar da 'ya'yanmu shi aka fi sassauta wa. Sakamakon ya fito fili a Jihar Kaduna a 2017, inda aka yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. An yi ta gardama a kan yadda aka yi jarrabawar da korar da ta biyo baya, amma babu wanda ya ce lafiya lau ake.

A kan wannan kuma sai ga matsalar 'yan bindiga, wadda ƙasar Maru tana cikin inda ta fi tsanani. A watan Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe da ke maƙwabtaka, kuma a watan Satumba na wannan shekara gwamnatin jihar ta rufe makarantu na wani lokaci bayan an sake sace ɗalibai a ƙasar Maradun. Malamin da a da ake turawa ƙauye ya zama fitilar gari, yanzu sai ya yi tunanin ransa kafin ya tafi. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Abin da tarihin Maru ya koya mana shi ne, makaranta tana yin girma ne da irin mutanen da aka sa su koyar a cikinta, da kuma irin rainon da aka yi musu kafin a ba su aji. A wancan lokaci Maru ba ta da benaye, ba ta da lantarki, amma tana da malamai.

Maƙwabtanmu Musulmin Yarbawa sun gane wannan da wuri. Ƙungiyar Ansar-ud-Deen, wadda aka kafa a Ikko a 1923, da ta ga makarantunta suna ƙaruwa babu ƙwararrun malamai Musulmi, sai ta buɗe makarantar horon malamai tata ta kanta a garin Ota a 1946. Ƙungiya ce ta jama'a kamar tamu, da karo-karo ta yi. Mu kuwa a zangunanmu mun iya tara kuɗin bulo da kwano da fenti, amma in aka zo ɗaukar malami sai a nemo duk wanda ba shi da aikin yi, a ba shi abin da bai kai kuɗin yaron shago ba, sannan a yi mamaki yara sun shekara shida ba su iya haɗa baƙi ba.

Ba mu da ƙarfin gina kwaleji, amma akwai abin da ba zai gagare mu ba. Ƙungiya tana iya zaɓar yara biyu ko uku masu ƙwazo a shekara, maza da mata, ta biya musu karatun N.C.E. da sharaɗin su dawo su koyar a makarantunmu na wasu shekaru, kamar yadda En'e take yi a da. Tana iya yanka wa malamai albashin da mutum zai riƙe iyali, a biya a kan lokaci. Sannan a cikinmu akwai dattawan da suka yi Gired Tu kafin su shigo kasuwanci. Da tsohuwar zuma ake magani. A roƙe su su riƙa zama bayan aji lokaci-lokaci suna gyara wa matasan malamanmu, a kuma rubuta abin da suke tunawa na makarantunsu tun suna raye, domin wannan mujalla ta adana.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya saka wa waɗanda ke raye da alheri, Ya shiryar mana da zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.